Takalmi Lamba Takwas

Har gobe ba na sa ƙafa cikin rufaffen takalmi sai na fara zura hannu na shafa cikinsa tun daga dunduniya har yatsu. Jikokina sun ɗauka kunama nake tsoro, suna ta yi mini dariya, wai Kaka jarumin baki ne. Na bar su a kan haka, don kunama ta fi sauƙin bayani.

Shekara biyu ko uku bayan samun 'yancin kai na shiga wata ƙaramar kwalejin horon malamai da ke bayan gari, a kan hanyar da ta tashi daga Makarfi ta nufi Ikara. Yanzu babu ita. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne daga ƙauyukan kewaye, ni daga Dandamisa na fito, gidan noman rake. Kowannenmu ya iya ƙwallo irin ta ƙauye, ta tsumma a dunƙule, kuma babu wanda ya taɓa buga ta da takalmi. Tafin ƙafarmu kuwa, ƙaya ma sai ta yi shawara kafin ta shiga.

Malamin wasanninmu matashi ne, bai girme mu da shekara goma ba. Ya je kwas ya dawo da usur a wuya, da wani littafi mai zanen fili, da imanin cewa ɗan ƙwallo gina shi ake yi kamar ɗaki, tubali bisa tubali. Ana idar da sallar asuba zai kora mu gudu har fadama mu dawo. Wanda ya saba bugu da dama, sai ya hana shi taɓa ƙwallo da ita sati biyu, har hagunsa ta farka. Ya rataye ƙwallo da igiya a reshen ɗorawa, mu bi layi muna tsalle muna kai mata karo da goshi, ga ta ta fata, in ta sha raɓa sai ka ce kabewa. Muna zaginsa a ɗakin kwana, kuma babu abin da muke so kamar ya dube mu ya gyaɗa kai.

Yana da doka guda da ba ya sassautawa. Mai ciwo ba ya atisaye sai malamin asibitin kwaleji ya sallame shi, wanda kuma ya rasa atisaye uku a jere ba ya shiga wasa. Don tausayinmu ya kafa ta, na yarda. Amma abin da ta koya mana shi ne ɓoye ciwo. Mai targaɗe ya ɗaure da tsumma a ƙarƙashin wando, mai zazzaɓi ya ce ai zafin rana ne.

Filinmu kuwa abin alfahari ne. Da rani, shugaban kwaleji yakan yi yadda manoman yankin suke yi da gonakinsu: ya gayyaci Fulani su kafa shanu a filin su kwana su yi taki. Damina na sauka ciyawa ta fito shar, mai laushi, in ka faɗi kamar a kan katifa. Baƙi in sun zo wasa sai sun tanka. Mu da muke birgima a ciki mun san in ka tona ƙasar da ɗan yatsa, kashin shanu ne rabinta, amma wa ya damu da kashin shanu a ƙasar noma?

A cikinmu akwai wani ɗan ƙauyen Taba, Bafulatanin gida, dogo, siriri, mara magana. Shi ne ya fi kowa, ba a ma gardama. In ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ta kwanta kamar ta san shi, kuma bai taɓa gudun da bai zama dole ba. Ba ya dariya, ba ya ƙorafi. An taɓa taka masa babban yatsa farce ya fita, ya tsinke ragowar ya yar, ya ci gaba da wasa. Abu ɗaya na san yana so a duniya bayan ƙwallo, shi ne rake. Da haƙori yake feɗe shi, gaɓa bayan gaɓa, ba ya neman wuƙa. Kakata Babarbariya ce, saboda haka akwai wasa tsakaninmu, ina ce masa bawana yana ce mini bawansa. Ta nan muka shaƙu, har ya zama in an aiko mini da rake daga gida, rabi nasa ne.

Da kaka ta shigo, Malam ya tara mu a gindin ɗorawa ya ba mu labari. Za mu kara da wata babbar kwaleji daga Zariya, kuma wani jami'i zai biyo su ya zaɓi 'yan wasan lardi. Wanda aka zaɓa zai je Kaduna, daga nan kuma sai inda Allah ya kai shi. Duk muka juya muka dubi ɗan Taba, shi kuwa yana kallon ƙasa. Sai Malam ya ƙara da cewa akwai sharaɗi: ba a ɗaukar mai wasa ƙafa ba takalmi. Sati shida muke da su mu koyi abin da ƙafafunmu ba su taɓa sani ba.

Takalman suka iso cikin buhu, tsofaffi, wata makaranta ta gama da su. Ƙafa goma sha biyu ne, mu kuwa ashirin da huɗu. Fata ce busasshiya mai tauri, hancin kamar dutse, a ƙarƙashi an kafa wasu dunƙulallun fatu da ƙananan ƙusoshi don kada a zame. Matsalarsu ita ce, in dunƙulen ya cinye da gudu, ƙusar sai ta yi ta hawowa har ta huda ta ciki. Malam ya san da haka. Ya samo ƙarfen baduku da 'yar guduma ya ajiye a sito, ya raba mu bibbiyu gwargwadon girman ƙafa, rukunin safe da rukunin yamma, ya rubuta wa kowane takalmi lamba da farin fenti. Ya ce duk wanda ya cire takalmi, kafin ya ajiye sai ya zura hannu ya shafa, in ya ji tsini ya ɗora a ƙarfe ya lanƙwashe shi, domin ƙafar ɗan'uwansa ce za ta shiga bayan tasa. Ni da ɗan Taba ƙafarmu ɗaya. Aka ba mu lamba takwas, ni yamma, shi safe.

Satin farko abin dariya ne. Muna tafiya kamar agwagi, ƙwallo na tsere mana, kowa ya yi bororo a dunduniya. Ɗan Taba ya fi kowa shan wuya, domin shi da tafin ƙafa yake jin ƙwallo, yanzu an sa masa katanga tsakaninsu. Malam ya riƙa tsayar da shi shi kaɗai bayan an tashi, yana mirgino masa ƙwallo sau ɗari yana tarewa. A sati na huɗu ya dawo yadda yake, har ya fi, don yanzu bugunsa ya yi nauyi. Na ga Malam ya juya baya yana murmushi don kada mu gani.

Saura kwana goma sha biyu wasa, ranar kasuwar Makarfi ce, aka aiko mini cewa babana ya kawo mazarƙwaila kuma yana son ganina kafin ya juya. Atisaye ya ja har rana ta yi ja. Na cire takalmin a guje, na zura hannu kamar kullum, na ji shi. A ƙafar hagu, daidai tsakiyar tafi, wani ɗan tsini kamar bakin allura. Guduma tana hannun wani, mutum uku na jira. Na tsaya na dubi rana, na dubi layin. Na ce a raina ai ƙafar bawan nan ta fi fatar takalmin kauri, gobe da yamma na gyara. Na jefa shi cikin sito na ruga kasuwa. Na sami babana, ya ba ni rake sanda huɗu, ya yi mini faɗa a kan karatu. Abin da ya kira ni a kai ke nan.

Washegari da hantsi ɗan Taba ya yafuto ni bayan sito. Ya yi atisayensa cikakke, awa biyu, a filin da ya jiƙe da raɓa, takalmin ya cika da laka ta wajen ɗinkin da ya ɓalle. Ya zauna a kan dutse ya ɗaga mini ƙafar hagu. Rami ne ɗan ƙarami, baƙi, ko jini bai yi sosai ba. Amma da ya matsa gefensa na gane ya yi zurfi, don awa biyu ƙusar ta yi tana shiga tana fita.

“Bawana,” ya ce, “guduma ce ta yi maka nauyi?”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan laifina, bai sake tayar da maganar ba. Kunya ta rufe ni, kuma kunyar ce ta sa na yi saurin zama likita. Ya ce ko ya je wurin malamin asibiti a wanke masa. Ni na hana shi. Na lissafa masa: za a naɗe ƙafar, a rubuta masa hutun sati, atisaye uku su wuce, jami'in lardi ya zo ya tarar da shi a benci. Ban gaya masa ɗaya dalilin ba, cewa in ya je za a tambayi wanda ya sa takalmin kafin shi. Na ce masa a gidanmu in mai saran rake ya taka tsinin kututture, babana man kaɗanya yake narkawa ya ɗiga a ramin da zafinsa, ya toshe, kwana biyu mutum ya koma gona. Gaskiya na faɗa, na sha gani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Muka je bayan kicin, na roƙi garwashi, na narka man a murfin gwangwani har ya fara hayaƙi. Na ɗiga masa. Naman ya yi ƙara, ni na runtse ido, shi ko gezau, yana kallon wata akuya da ke cin ɓawon rogo. Man ya daskare ya rufe ramin ruf da duk abin da ke ciki. Daga nan na wuce sito na ɗauki guduma na lanƙwashe ƙusar, na yi ta dukanta har ta nutse cikin fata.

Ciwon ya rufe da kyau. Kwana huɗu ko ɗingishi ya daina, ni kuwa har ina yi masa gori, ina cewa Barebari sun sake ceton Bafulatani. Ya ci gaba da atisaye, Malam na ta gina wasan duka a kansa: kowa ya samu ƙwallo ya nemi ɗan Taba.

Kwana na takwas da yamma muna zaune a gindin ɗorawa na miƙa masa rake. Ya kai baki, ya ɗan tsaya, ya sauke. Ya sake gwadawa. Sai ya ce in ara masa wuƙa. Na yi dariya na ce tsufa ya zo wa bawa. Ya fere gaɓa ɗaya, ya yanka ƙanana, ya sa guda a baki ya tsotsa, bai tauna ba. Sauran ya ajiye a gefensa, har muka tashi bai ƙara taɓawa ba. Ya ce muƙamuƙinsa ne ya ɗan riƙe. Muka yanke cewa ƙwallon ɗorawa ce, ya sha karo da ita da safe tana jiƙe.

Washegari bai ci tuwo ba, kunu ya nema. Wuyansa ya ƙi juyawa, in ka kira shi sai ya juyo da jikinsa duka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskarsa. Leɓunansa sun ja baya, haƙora a waje, girarsa ta ɗaga, kamar mai murmushi. Mutumin da muka shekara biyu ba mu ga haƙoransa ba sai a jikin rake. 'Yan ɗakinmu suka yi ta tsokanarsa, wai tun ba a zaɓe shi ba ya fara washe baki irin na mutanen Kaduna. Malam ma da ya gan shi a fili ya ce, “Yauwa, yau ka saki fuska. Haka nake son ganinka.” Ni kaɗai na lura idanunsa ba sa cikin murmushin.

Akwai wani tsoho mai dafa mana abinci, wanda ya yi kiwon dawaki a gidan wani hakimi da ƙuruciyarsa. Shi ya zuba masa kunun. Ya riƙe ludayin bai sauke ba, yana dubansa. Sannan ya tambaye shi a hankali, “Ɗana, ka taka wani abu kwanan nan? Ƙarfe ko ƙaya?”

Ɗan Taba ya juyo da jikinsa duka ya dube ni. Ina tsaye a bayansa da kwanona. Saura kwana uku wasa. Ya ce ta tsakanin haƙora, “A'a, Baba.” Tsohon ya maido da idonsa kaina, ni kuwa na sunkuyar da kai na miƙa kwano. Ya zuba mini, ya ce Allah ya sa haka ne, don ya taɓa ganin doki da irin wannan fuskar. Bai faɗi abin da ya sami dokin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Tsoro ya kama ni tun daga lokacin, tsoro sosai, amma na gaya wa kaina kwana uku ba yawa, a gama wasan sai mu faɗa.

Da safe ya fito atisaye. Ban san yadda ya ɗaura igiyar takalmin ba. Yana tafiya a sandare kamar an sa masa itace a baya. Ni ba rukunina ba ne, amma na zo na tsaya a bakin fili. Malam ya jera su, ya ajiye ƙwallo a tsakiya, ya ɗaga usur ya busa da ƙarfi kusa da shi.

Ƙarar usur ɗin ce ta kayar da shi. Ya faɗi ta baya, jikinsa ya lanƙwashe kamar baka, ƙeya da dunduniya kaɗai ke taɓa ƙasa, hannuwa a dunƙule, fuskar nan tana ta murmushinta. Bai suma ba, idonsa biyu, yana ganinmu. Wasu suka ce iska ce, wani ya fara tofa masa addu'a. Malam ya sake busa usur don a kawo ɗauki, jikin ya ƙara ɗaurewa har na ji haƙoransa suna ƙara. Sai na ji bakina yana cewa a daina busawa, ƙusa ya taka, kwana goma ke nan, ni na bar ta, ni na toshe ciwon.

Malamin asibiti ya zo ya cire takalmin ya duba tafin. Wurin ya warke sumul, sai ɗan tabo. Ya tambaye ni me na sa, na faɗa. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce irin wannan ciwon a cikin ƙasa mai taki yake zama, kuma ba abin da yake so kamar rami mai zurfi da aka rufe masa baki. Ya ce da an zo ranar farko, buɗewa za a yi a wanke, a kai shi Zariya a yi masa allura. Aka shimfiɗa katifa a bayan motar kwaleji, aka rufe masa ido da baƙin ƙyalle don haske ma tayar masa da abin yake. Aka hana ni bi. Na tsaya ina kallon motar tana tafiya a hankali, na san kowane rami a hanyar nan, na kuma san abin da kowannensu zai yi masa.

Ba a fasa wasan ba, baƙi sun riga sun shirya. An ci mu, ban tuna ko nawa ba, ban kuma san wanda jami'in ya zaɓa ba. Kwana biyu bayan nan, muna aji da hantsi, shugaban kwaleji ya shigo ya cire hularsa ya mayar, ya ce mu yi wa ɗan'uwanmu addu'a, Allah ya karɓi abinsa.

Malam ya ɗauke ni a bayan kekensa muka je Taba gaisuwa. Mahaifin dogo ne kamar ɗansa, yana zaune a kan buzu a ƙofar gida. Muka durƙusa muka yi gaisuwa mai tsawo. Malam ya ce laifinsa ne, dokarsa ce ta jawo. Ni na ce ba haka ba ne, na faɗi komai tun daga ranar kasuwa, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Dattijon ya saurara har na gama. Ya ce kwana ne ya ƙare, ko babu ƙusa da wani abin zai zama sanadi, kuma ya yafe. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya.

“Da ka zuba masa man, ya yi kuka?”

Na ce, “A'a, Baba. Ko motsi bai yi ba.”

Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa wajen shanun da ke bayan danga, bai sake duban mu ba har muka yi sallama.

Malam ya soke dokar atisaye uku, ya daina rataya usur a wuya, da tafi yake tsayar da wasa. Amma takalma goma sha biyu ne, kwaleji ba ta da wasu, kuma ƙafata ba ta canja girma ba. Da aka dawo hutu aka buɗe sito, yana kiran lamba yana miƙawa. Da ya zo kan takwas ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce yanzu safe da yamma duk nawa ne.

Na koma gefe na zauna a kan dutsen nan na bayan sito. Busasshiyar lakar ranar tana nan a jikin ɗinkin. Na zura hannu a ƙafar hagu, na shafa tun daga dunduniya har yatsu, na sake shafawa. Sumul yake, babu abin da ya soke ni. A tsakiyar tafin sai ɗan lotsawa, inda na yi ta dukan ƙusar da guduma, kwana ɗaya bayan lokacin da ya kamata.